Zaren da Ya Cukurkuɗe

A Marwa, bayan majema, inda warin bagaruwa ke kwana,
Baba Tanimu ya shekara arba'in yana ɗinkin fata.
Yau na miƙa masa basilla,
ya juya ta, ya shinshina, ya ce ta wace ce?

Ni ne ɗan da ya sayar da jakunkuna ya tura karatu.
Na dawo da farar riga,
na san sunan abin da ke cin sa.
Sanin bai hana shi ci ba.

Wani furotin ne, Baba, ɗan mitsitsi,
aikinsa riƙe hanyar cikin jijiya
kamar ɗinkin da ke riƙe bakin jaka.
Wata rana ya naɗu a karkace,
ya koya wa na kusa da shi karkata,
suka saki hanya, suka dunƙule.
Saƙon da aka ɗauko
ya kwana a tasha, ya sake kwana.

A waje kuma wani danƙo na taruwa.
Ƙofofin ƙwayar suka ƙi rufuwa,
kalsiyam ya kwararo
kamar Mayo Kaliyawo a tsakiyar damina,
ya kashe murhun da ke ciyar da ita.
Masu shara suka zo,
abin ya fi ƙarfin tsintsiya,
sai suka cinna wa unguwar wuta.

Ita kuwa ƙwayar ba ta ihu.
Tun ran da aka halicce ta tana da aska a ɓoye.
Ta yanka kanta gunduwa-gunduwa,
ta ƙunshe, ta ajiye a bakin ƙofa.
Wata ta tafi da hanyar masallaci,
wata da farashin fatar akuya,
wata da fuskar Inna Kandala.

Faransanci ne ya fara fita,
Fillanci ya bi bayansa.
Hausa ta rage, ita ma ta rame.

Jiya da la'asar, a gindin dalbejiya,
na sa masa guntun jar fata a cinya.
Yatsunsa suka tashi da kansu,
huda, ja, huda, ja,
ba basilla, ba zare.
Nan wutar ba ta iso ba tukuna.

Ya ɗago ya ce, Sallau, riƙe mini nan.
Sallau ƙanensa ne, ya rasu ban kai yaye ba.
Na ce na'am,
na riƙe.