Zumunci a Fiffike Yake

Kafin rana ta hau duwatsun Taita
ni da Mwadime mun ɗaura raga
a bakin kurmin Chawia.
Gajimare ya sauko har gwiwa,
yana jiƙa mana wando.

Na bakwai ya faɗa.
Kai baƙi, baki kamar an tsoma a manja,
zuciyarsa na dakan gaggawa a tafin hannuna.
Namiji ne. Na jiya ma namiji.
Mwadime ya rubuta, bai ce uffan ba,
sai cizon gindin biro.

Na auna ƙafar dama, na auna ta hagu,
ba su zo ɗaya ba.
Bambancin bai kai kaurin farce ba,
amma mun san hakin da ke tsone ido.
Ɗigon jini guda daga jijiyar fiffike,
cikin 'yar kwalba, sai Nairobi.

Bayan wata uku takarda ta dawo.
Duk wanda muka sa wa zobe a nan
ɗan ɗakin wani ne.
Auren zumunci bisa auren zumunci,
jini na kewaya kamar kududdufin da ba mashiga,
har aibin da ya ɓuya a gado
ya gamu da ɗan'uwansa, suka fito fili tare.
Sheƙa biyar muka leƙa bana.
A uku, ƙwai ya yi dungu.

Na kai maganar wurin Wakesho, uwar Mwadime,
tana ɓarar wake a ƙofar ɗaki.
Ta ce kakarta kan bi inuwa
daga wannan tudu zuwa wancan
rana ba ta taɓa mata ƙeya ba.
Yanzu masara ce, da itacen turare, da hanyar mota.
Ta dube ni sama da ƙasa:
"Yara tara na haifa, malama.
Da kukan tsuntsu zan cika musu kwano?"
Na rasa ta cewa.
Na tsuguna na taya ta ɓarar wake.

Shi ba ya ƙetare fili.
Yakan zo reshen ƙarshe, inda inuwa ta tsaya,
ya hango wani kurmin can a kan dutse,
inda ake da matan da ba danginsa ba,
ya yi kira, ya saurara,
babur ya wuce, ya sake kira.

Mu muna cewa zumunci a ƙafa yake.
Nasu a fiffike yake,
mu muka datse hanyar.

Da damina ta faɗi na tarar da Wakesho
a iyakar gonarta, da fartanya,
tana binne dashe goma sha ɗaya na itacen kurmi.
"Kar ki rubuta ni a littafinki," in ji ta.
"Don maɓuɓɓugarmu nake yi, ta fara ƙafewa.
In tsuntsun naku ya ga dama, ya bi."

Dashen bai kai gwiwata ba.
Na ƙirga tazarar da ta rage da ido,
na daina ƙirga.