Layi na Tara

A Punta Arenas iska ba ta barcin dare.
Biyar da kwata na asuba, raɓa ta daskare a gilashi,
fasinja ɗari da sha ɗaya a bayanmu,
wasu na gyangyaɗi, wani jariri na tsotson yatsa.

Ni ce a kujerar dama, wata takwas da kama aiki.
Kyaftin Evaristo Oyarzún a hagu,
shekara talatin da ɗaya yana keta wannan sama,
ya san kowane tsauni har da sunan da makiyaya ke kiransa.
Takardar dubawa a hannuna, layi goma sha bakwai:
ni in karanta, shi ya duba, ya taɓa, sannan ya amsa.
Haka aka rubuta.

Amma amsarsa na riga tambayata sauka.
"An yi. An yi. An yi."
Idonsa a taga, bakinsa a kan kwalekwalen
da yake sassaƙa wa jikansa a Chiloé:
katako ya yi tsada, fenti ya ƙi bushewa.
Doka ta hana hira a wannan gaɓa.
Na sani. Ya san na sani.
Na yi murmushi,
wa zai ce wa zaki bakinsa na wari?

Layi na tara: leɓen fiffike.
"An saukar," in ji shi.
Na ga mariƙin yana nan inda ya kwana.
Magana ta taso, ta tsaya a maƙogwaro
kamar ƙayar kifi.
Na ce ƙila idona ne, ƙila duhu ne,
ƙila akwai abin da manya suka sani.
Na wuce layi na goma.

Injuna suka yi ruri, kwalta ta fara gudu a ƙarƙashinmu,
sai ƙaho ya kwatsa ihu a kanmu,
ƙarfe ya faɗi abin da na haɗiye.
Birki. Bel ya cije ni a kafaɗa.
Kofi ya malale a kan taswira.
Muka tsaya, fitilun ƙarshen titi a gaban hancinmu,
bayansu ciyawa, bayanta baƙin ruwa.

Jaririn ya fashe da kuka.
Kyaftin ya zuba wa hannunsa ido
kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Daren nan a otal, fom ɗin rahoto a cinyata.
Sunansa bai yi mini wuyar rubutawa ba.
Nawa layin ne ya kai ni ƙarfe uku:
Na gani. Ban faɗa ba.

Bai sake tashi ba bayan hunturun nan.
Da bazara ya aiko hoton kwalekwalen, shuɗi,
yaro a ciki da rigar ruwa ta yi masa yawa.
A bayan hoton, da biro mai yankewa:
"Ximena, yanzu igiya ma sau biyu nake dubawa."

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Kujerar hagu tawa ce, furfura ta fara leƙowa.
Jiya wani yaro, Baltasar Huenchul,
bai fi wata huɗu da zuwa ba,
ya karanto layi na tara,
sai na ji bakina ya ce "An saukar"
alhali tunanina na kan kuɗin gyaran rufin gida.

Ya yi gyaran murya. Kunnuwansa suka yi ja.
"Kyaftin, ban ga kin duba ba."

Wani zafi ya taso mini, ba zan ɓoye ba,
zafin shekaru da igiyoyi huɗu a kafaɗa.
Na bar shi ya wuce.
Na duba. Na taɓa. Daidai yake, an saukar.
Na ce, "Koma layin farko."

Mun isa Santiago da lattin minti uku.
Wani fasinja ya yi tsaki a bakin ƙofa,
yana duba agogo.