Tiya Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Bagalam
wuta ta dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Na kunna na'ura, na sake gina manhajar
da muke rubuta wa rumbun tsimi na Jirataw,
mai riƙe lissafin hatsi:
wa ya zuba, wa ya ranta, wa zai biya da kaka.

Tushenta a buɗe yake kamar rumfar kasuwa,
kowa ya zo ya leƙa.
Barira ta ɗauka a Damagaram ta gina tata,
ta aiko mini da hatimin da ya fito,
baƙaƙe sittin da huɗu.
Nata ya fara da bakwai.
Nawa ya fara da biyu.

Shaibu ya ce, to sai me? Ai duka suna aiki.
Ya juya ya ci gaba da hura gawayin shayi.

Ni kuwa jikan Inna Dije ne,
wadda ba ta shiga babbar kasuwa sai da tiyarta a ƙarƙashin mayafi.
Ta san akwai tiyar da aka buga wa gindi,
a ido cikakkiya, a tukunya gajeriya.
Takan ce wa ma'auni,
ban ce ka cuce ni ba, ɗana,
bari dai in juye a tawa.

In gini biyu suka saɓa alhali tushe guda ne,
ta ina zan san ko iska ce ta shiga
ko hannun wani?

Muka hau tsince kamar masu fid da tsakuwa a wake.
Na farko agogo ne:
kowace na'ura tana manna sa'ar da ta gama aiki.
Muka ɗaure ta a kan ranar da aka taɓa tushen a ƙarshe.
Na biyu sunana ne, wallahi,
na same shi kwance a cikin ginin,
hanyar ɗakin ajiyata ta bi shi har ciki.
Na goge kaina, ban ji daɗi ba, amma na goge.
Na uku ya cinye mana kwana tara:
na'urar Barira tana zaunar da ɗ kusa da d,
tawa tana kora ta can bayan z kamar baƙuwa,
sai jerin ya sauya, sai hatimi ya sauya.
Ƙugiya guda a kan harafi!

Sannan kayan ginin kansu,
nata na bana, nawa na bara waccan.
Muka rubuta sunan kowanne da shekararsa,
yadda magini ke cewa ƙasar wane kududdufi, ba wata ba.

Daren Laraba ta kira.
Ta ce karanto, ina bi.
Na ce huɗu. Ta ce huɗu.
Na ce sifiri. Ta ce sifiri.
Muna tafiya baƙi bayan baƙi
kamar masu ƙetare Gulbi da damina, ƙafa na lalubar yashi.
A na hamsin da takwas kuɗin wayarta ya ƙare.

Na zauna da shida a baki.
Shaibu ya miƙo mini tasa wayar, bai ce komi ba.

Shidan ma sun dace.

Gobe za mu gwada a tsohuwar na'urar magatakardan rumbun,
wadda sai an jingina mata dutse take tsayawa.