Rijiyoyi Arba'in

A Gamkalle suka tsamo shi,
ƙasa da majema, inda kogi ke warin bagaruwa.
Masunci ya zaci buhun gawayi ne
sai da ƙugiya ta kamo ɗamara.

Kwamisariya ta rubuta layi ɗaya:
ya zame, ruwa ya ci shi.
Nomau Arzika, ɗan Adar,
wanda ko kwalekwale bai taɓa shiga ba,
wai ya je wanka da takalmi sau-ciki
da alƙalami biyu a aljihu.

Ƙanwarsa Zuwera ta same ni a Bukoki,
shagona na tsakanin mai faci da mai kilishi.
Allon ƙofa ya ce: Tankari, bincike.
Galibi ɓataccen babur nake bi,
ko yaron shago da ya tsere da ciniki.
Ta aje jika goma sha biyu da buhun albasar Galmi.
Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi:
"Yayana tsoron ruwa gare shi."

Shekara sha tara na yi a jandarma,
na san gawa na magana in an ƙyale ta.
Mai wanka a asibiti ya dubi ƙofa sau biyu
kafin ya zana mini da yatsa a wuyansa
zobe siriri, irin na wayar birki.

Aikin Nomau ƙidaya.
An tura shi arewacin Tawa
ya ƙirgo rijiyoyi arba'in da aka biya kuɗinsu.
Ya ƙirgo uku.
Ta huɗu rami ce, gaba biyu, da mushen akuya a ciki.
Sauran na cikin takarda, cike maƙil,
kowace da hatimi, kowace da sa hannu,
mata kuwa na tafe bayan jakuna tun asuba
da jarkoki masu kukan wofi.

Littafinsa na wurin mai shayin bakin Katako,
ƙarƙashin gwangwanayen madara.
Ya ce masa: riƙe mini, zan dawo Laraba.
Shafin ƙarshe suna guda ne,
ya ja masa layi har takarda ta huje:
Dipite Maidaji Kalla.
Kamfanin haƙar na surukinsa ne,
injin haƙar kuwa
tun bara kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa.

Shi ya aiko da shinkafar sadakar uku.
Buhu biyar.
Ni ma na ci, ban sani ba, har na ƙara.

Da dare Kwamisar Jadi ya kira ni,
wanda muka ci wake kwano ɗaya a bariki,
wanda hannunsa ke ƙasan layin nan ɗaya.
Ya ce: "Tankari, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta,
shafa wa naka ruwa."
Na ce: "Na wace rijiyar? Ta nawa?"
Na ji numfashinsa ya daɗe a waya.
Sai ya kashe.

Wuta ta ɗauke sau uku kafin injin kwafi ya gama.
Talatin da bakwai na buga,
kowane ƙauye da rijiyarsa a ambulan,
su ga zurfinta, su ga kuɗinta,
su ga wanda ya sha.
Direban motar Tawa ya cusa su ƙarƙashin kujera,
bai tambaya ba, na ba shi goro.

Yanzu ƙarfe biyu saura.
Farar mota marar lamba na bakin mai faci
tun bayan lisha, ba a kashe injin ba.
Na jawo kujera bakin ƙofa don kada su wahala.
Na kwance buhun Zuwera,
ina yanka albasa ɗaya bayan ɗaya,
ba don ina da abin da zan dafa ba.