Abin da Makirfo Ya Kama a Shere

Ni ne mai riƙe sandar makirfo,
hannu a sama, kunnuwa a toshe da na'ura.
Kwana tara muka yi a Dutsen Shere muna ɗaukar labarin
wani da ya ɓata a daji yana neman hanyar komawa.

Jaruminmu Rabilu, fatarsa ta saba da fanka.
Da almakashi aka yayyaga masa riga,
aka shafa masa jar ƙasa a kumatu.
Bayan kyamara kuwa Baba Izang ke tsaye,
takalmin taya, jakar fatar gada.
Dubu bakwai a wuni muka yi jinga da shi
ya koya mana yadda ake ƙin mutuwa.

Darakta Tanimu ya ce a sha ruwan tsohon ramin kuza,
kore shar, zai yi kyau a hoto.
Izang ya girgiza kai:
"Ramin nan ya ci ƙanen babana.
Ruwan da tsuntsu bai sauka ba, ba na kai masa baki."
Ya tona yashi kamu biyu a gindin ɓaure,
muka tsuguna, mu da kayan miliyoyi,
muna jiran laka ta gama kwantawa.

Sau goma sha ɗaya Rabilu ya buga ƙyastu,
audugar rimi ta yi masa kunnen uwar shegu.
Sai hannun Izang aka ɗauka kusa-kusa.
In kun ga wuta ta tashi a fim ɗin,
ku sani ba jarumi kuke tafa wa ba.
Na ce, "Baba, haka kake yi kullum?"
Ya zaro ashana ƙulle a leda, yana dariya:
"Daji ba ya biyan kowa ladan burgewa."

Ran Laraba ya ga tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu.
"Ku naɗe igiyoyinku."
Sama fes. Tanimu ya duba waya, waya ta ce rana.
Kafin la'asar ƙanƙara ta sauko kamar tsakuwa,
janareta ya yi tari biyu ya yi shiru,
rafin da muka tsallake da safe ko wando bai jiƙa ba
ya taso da itace a ka, yana kumfa.
Ba sabis. Mota tana can Lamingo.
Ba wanda ya ce a yanke, don wannan ba a rubuce take ba.

A bakin kogo ya ɗaga hannu, muka daskare.
Ya jefa ɗan dutse ciki, ya karkata kai.
A na'urata na ji ta:
sassanyar ƙara, kamar ana suyar ƙosai a wata unguwa.
Shi da kunnen da Allah ya ba shi ya riga ni.
Da sanda ya fito da kububuwa, ya ajiye ta can gefe.
Rabilu ya ce a kashe.
"Ta riga mu kama ɗakin," in ji shi,
"baƙo ba ya yanka mai gida don ya samu wurin kwanciya."

Mu goma sha uku, baya da baya, wuta a tsakiya,
gyaɗa bakwai-bakwai ya ƙirga mana a tafi.
Rabilu ya yi kukan da kwana tara ana roƙonsa,
ga kyamara a jaka, batir ya mutu.

Da aka gama haɗa fim ɗin a Jos
na tsaya har ƙarshen sunaye.
Yana ƙasa da masu dafa abinci,
an rubuta "Isa".

Amma ina da daƙiƙa guda da ban ba kowa ba:
ƙanƙara, numfashin mutum goma sha biyu a tsorace,
da gurbin na goma sha uku, wanda ya riƙe nasa.
Nakan kunna ta in hayaniyar Taminus ta ishe ni,
in ji yadda mutum yake saurarawa.