Ranar Sunan Jirgi

Sabi'u ya dawo daga makaranta da kalma a baki,
ya same ni a bakin ruwa, nan Yelwar Yawuri,
ina cusa auduga a tsagar sabon jirgi,
ina bi da kwalta mai zafi.

Ya ce, "Kaka, yau Malama Tabita ta ba mu wata ta Turanci:
kirisin."
Na ce, "Mu kananzir muke ce masa."
Ya yi dariya har littafinsa ya faɗi cikin yashi.

Ya ce, "Aikatau ce, Kaka, abin yi ne.
A coci fasto zai ɗebi ruwa
ya zuba a goshin jariri, ya faɗi sunansa.
Zubawar da faɗar,
kalma ɗaya ta goya su."

Na ce, "Ashe baftisma.
Na san ta tun ranar da Ishaya maƙeri ya kai 'yarsa,
muka ci shinkafa a ƙofar gidansa har da ƙari.
Mu kuwa liman ya raɗa, wanzami ya aske,
rago ya kwanta.
Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi."

Ya ce, "Ban gama ba.
Jirgin ruwa ma suna yi masa.
A fasa kwalba a hancinsa, a kira sunansa,
sannan a sake shi.
Har sabon takalmi, ranar da ka fara taka shi,
cikin raha sai su ce ka yi masa."

Nan na ajiye guduma.

Shekara arba'in da ɗaya ina haɗa katako da ƙusa.
Jirage nawa suka bar hannuna?
Na Dantani, na gidan Kwasau, na mai albasa,
kowanne da sunan wanda ya biya.
Wanda ruwa ya ci a shekarar ambaliya
da buhun gero tara da ƙanena a ciki,
har yau idan zan ba da labarinsa
sai in ce "wancan jirgin".

Da asuba muka tura sabon.
Ban fasa kwalba ba:
yara na yawo a nan ba takalmi,
kuma kwalba kuɗi ce.
Ƙoƙo na sa na ɗebi kogi,
na yi bisimilla, na zuba a goshinsa,
na sunkuya kamar mai gaya wa kunne asiri,
na ce, "Hajo."

Sunan kakarsa ne.
Ita ma ba ta iya iyo ba,
amma ba ta taɓa tsoron ƙetarewa ba.

Sabi'u ya ce, "To yanzu ya zama aikin da ya shige,
sai a ƙara wa kalmar wutsiya."
Na ce, "Ƙara mata.
Miƙo mini filafili tukuna,
Hajo ta fara jan igiya."