Saura Ɗaya

Ƙarfe tara na dare, biro ya watse.
Saura ni, da Mutari mai gadi,
da fanka mai kukan tsohuwar ƙofa.
Wuta ta ɗauke da la'asar, ta dawo da fushi,
ta bugi uwar garken da ke ƙarƙashin teburi.
Gobe Cima za ta buɗe jakar haɗaka
ta nemi lissafin rijiyoyin Mirya,
ta tarar da allo fari fat.

Uwayen garke biyu gare mu.
Ɗaya tana nan tun ina ɗan koyo,
ƙarfenta ya dafe kamar duwatsun Birni.
Ɗayar bara aka kawo ta daga Yamai
da ledarta, da ƙamshin kwali.
Wasiƙu ɗaya suke kiwo,
kowace na riƙe da kwafin ƴar'uwarta,
amma zancensu na kaka da jika ne:
a ji rabi, a gyaɗa kai ga rabi.

Na ɗauko ajiyar ranar Alhamis,
na miƙa wa sabuwa. Ta dube ta, ta ce:
wannan zubin ban san shi ba.
To, ashe mabuɗi sai ƙofarsa.
Sai na sake gina tsohuwa yadda take,
da sunanta na dā, da yayinta,
har da ɗingishin da ta saba.

Kafin nan na zare igiyar da ta haɗa su.
Na san halinsu.
In marar lafiya ta farka da rumbu wayam
za ta aika wa ƴar'uwa: babu kome, haka gaskiya take.
Ita kuwa ta yarda,
ta share nata don a daidaita.

Mutari ya kawo shayin farko, mai ɗaci.
Ya ce a garinsu, can bayan Dogo,
mai rumbu biyu ba ya buɗe su rana ɗaya.
Na ce: zauna, kai ne injiniyan.

Sha biyu da rabi na mayar da igiya.
Tsohuwa ta yi gyaran murya, ta tambaya:
me ya faru tun Alhamis?
Shiru.
Wannan jiran ba a koyar da shi a makaranta.
Kore, ja, kore. Sauro a idon sawu.

Sunayen jakunkuna suka fara zuwa,
gidaje a jere, ba kowa ciki.
Can sai mutanen gida:
Magarya ta shigo da rasit ɗinta,
Tanut da kukan famfon da ya lalace,
Gure a makare, kamar motar kasuwa.

Shayi na uku, mai zaƙi, ya huce a hannuna
da na ga jakar Malam Ilu.
Shekara guda ke nan da muka kai shi makwanci.
Ni da kaina na share ta a sabuwa,
ashe saƙon sharewar bai haye ba,
ko ya haye, tsohuwa ta yi kunnen uwar shegu.
Wasiƙa ɗaya ciki, ba a buɗe ba, da sunana:
Tanimun, in ka samu sarari
ka leƙo, injin buga takardata yana cin takarda.

Ban samu sarari ba, Malam.

Asuba. Ƴan ga-ruwa na tura kura zuwa Zango,
jarkoki na karo da juna.
Na ƙidaya sau biyu:
sabuwa dubu huɗu da ɗari uku da sha ɗaya,
tsohuwa da ƙarin ɗaya.
A rahoto akwai gurbin da ake rubuta "sun daidaita".
Na daɗe riƙe da biro a kansa.
Mutari na naɗe tabarma,
yana tambaya ko an gama.